Hotunan jaridun 'yan boren Amurka: akwai abin gani ko dishi-dishi ne kawai?

Zainab: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, ku yi haƙuri idan ta zo da ɗan tsokana. An ba mu aiki a makaranta kan jaridun da matasan Amurka 'yan bore suka riƙa bugawa daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, waɗanda ake ce wa jaridun ƙarƙashin ƙasa, irin su Los Angeles Free Press da Berkeley Barb da East Village Other. Na samu kwafinsu a intanet na yi ta dubawa, kuma gaskiya hotunan ba su burge ni ba. Yawanci baƙi ƙirin, fuska ta cuɗe da inuwa, wani ma a karkace aka manna shi. Sannan hotunan da duniya ta sani daga wancan zamani, na kisan da sojojin Amurka suka yi a ƙauyen My Lai na Biyetnam da na harbin ɗalibai a Jami'ar Kent State, manyan jaridu ne suka fitar da su. To me ya sa ake ta kambama masu hoton waɗannan ƙananan jaridu? Ko dai begen ƙuruciya ne na tsofaffin da suka yi tashe a lokacin?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam 'yata. Bari in fara da baƙin, don nan ne fagena. Na daɗe a ɗakin duhu ina wankin hoto kafin dijital ta zo ta zaunar da mu. Fim ɗin da yawancin masu hoton zanga-zanga suka yi aiki da shi a lokacin shi ne Tri-X na Kodak, baƙi da fari, mai lamba 400 a ma'aunin saurin ɗaukar haske. Da rana ba shi da matsala. Amma rikici da 'yan sanda sau da yawa da almuru yake tashi, kuma duk wanda ya kunna filasha a irin wannan wuri ya nuna wa mai kulki inda kansa yake. To sai mutum ya ɗauka kamar fim ɗin mai 1600 ne, idan ya je wanki ya bar shi a cikin magani fiye da ƙa'ida don hasken ya fito. Hoto zai fito, amma da tsada: ƙwayoyin fim su yi gwaɓi kamar yashi, launin toka-toka na tsakiya ya gudu, ya rage fari fat da baƙi ƙirin. Wannan ba rashin iyawa ba ne. Mutum ne ya zaɓi ya dawo gida da hoto mai duhu maimakon ya dawo hannu rabbana.

Kawu Ɗanladi: Baba ya faɗi rabi, saura rabin namu na masu ɗab'i. Kafin injin ofset ya yi arha, in kana son jarida sai an zuba haruffa da darma, hoto kuma sai an sassaƙa shi a jikin tutiya, kowane ɗaya da kuɗinsa. Yaron da ba shi da ko kuɗin haya ba zai kusanci wannan ba. Da ofset kuwa, sai ka buga rubutunka a tafireta, ka yanka da almakashi, ka manna a kwali da gam ko kakin zuma, ka zana abin da ka ga dama a gefe. A ɗauki hoton shafin gaba ɗaya da babbar kyamara, a gasa shi a filet, a ɗaura a inji. Duk abin da kyamara ta iya gani, zai fito a takarda. Shi ya sa kika ga hoto a karkace, Zainab, da gangan ne, don babu wani tsohon edita da zai hana. Shi kansa hoton kuma sai an farfasa shi zuwa ɗigo-ɗigo kafin inji ya iya buga shi, takardar jarida mai arha kuma tana shan tawada, ɗigon ya buɗe ya haɗe da na kusa da shi. Fuskar da Baba ya sha wahalar fitarwa a ɗakin duhu, mu ne muke ƙarasa kashe ta.

Baba Mai Hoto: Allah ya sa yau ka amsa laifinku a gaban jama'a.

Kawu Ɗanladi: Ban gama ba. Ki kuma lura da irin kwafin da kike dubawa. Wasu daga takardar asali aka ɗauko su, wasu kuma daga ƙaramin fim ɗin ajiya na ɗakunan karatu, shi kuwa an yi shi ne don rubutu ya fito, ba ruwansa da hoto. Ki nemi San Francisco Oracle mai launi ki gani. Fitowa 12 kacal ta yi tsakanin 1966 da 1968, amma abin da suka yi da inji har yau ina jinjina musu. Sai su raba kwamin tawada da 'yan katangu, su zuba ja a nan, ruwan ɗorawa a tsakiya, shuɗi a can, inji na juyawa launukan suna narkewa cikin juna. Na gwada a injinmu na ofset samfurin Kord, ya yi kyau, sai dai wankin rola bayan nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Zainab: Na gode Baba, na gode Kawu, na fahimci dalilin duhun. Amma tambayata ta biyu tana nan. Ronald Haeberle sojan Amurka ne mai ɗaukar hoto, jaridar Plain Dealer ta Kilibland ce ta buga hotunansa na My Lai a Nuwamban 1969, mujallar Life ta biyo baya. John Filo ɗalibi ne, kamfanin labarai na AP ya yaɗa hotonsa na harbin Kent State na 4 ga Mayun 1970, har ya ci kyautar Pulitzer. Ina hoto ɗaya na ƙananan jaridun da ya yi irin wannan tasiri?

Malam Habu Damagaram: Ƙanwata, kina neman abu a inda ba a ajiye shi ba. Waɗannan jaridu ba su yi suna da hoto ɗaya tilo ba. Abin da suka canja shi ne wurin da mai kyamara yake tsayawa. Ɗauki hotunan zanga-zanga na manyan jaridu ki duba da kyau, sau da yawa ƙeyar ɗan sanda kike gani da fuskokin masu bore a can gaba, saboda ɗan jarida mai katin shaida a bayan layin 'yan sanda ake tsayar da shi. Ki juya ki dubi na Barb ko na jaridar Seed ta Chicago, za ki ga ƙeyar masu bore, fuskar ɗan sanda kuma tana tunkaro ki da kulki a sama. Titi ɗaya, minti ɗaya, amma mai karatu ya tashi da labari biyu. Kuma mako-mako ake yi masa haka, shekara da shekaru. A 1966 jaridu biyar suka kafa ƙungiyar Underground Press Syndicate, da yarjejeniyar kowa ya kwafi abin ɗan'uwansa kyauta. A 1967 Ray Mungo da Marshall Bloom suka kafa Liberation News Service (LNS), suna aika ƙunshin labarai da hotuna ta gidan waya ga ɗaruruwan jaridu. Hoton da aka ɗauka a Berkeley sai ya fito a Atlanta da Detroit da wani ƙaramin garin da ba shi da ko mai kyamara ɗaya. Kafin hoton Filo ya iso, an riga an shirya idon da zai gan shi.

Anti Ladi: Malam Habu, jimlarka ta ƙarshe tana da daɗin ji amma ba ta da hujja. Wa ya auna idon?

Malam Habu Damagaram: Babu ma'auni, Anti, ra'ayina ne. Amma ga abin da ba ra'ayi ba. A Janairun 1967 mujallar Ramparts ta buga hotunan yaran Biyetnam da bam ɗin napalm ya ƙone, a lokacin da manyan mujallu ba sa taɓa irinsu. Martin Luther King ya ga hotunan, kuma na kusa da shi sun ba da labarin yadda ya ture abincinsa gefe. Ranar 4 ga Afrilun 1967 ya tsaya a cocin Riverside a New York ya yi jawabin da ya fito fili ya la'anci yaƙin. Wannan kusan shekara uku ne kafin Life ta buga na My Lai.

Zainab: Amma Ramparts mujalla ce mai ƙyalli da masu zuba mata kuɗi, ba irin Barb ba ce da ake mannawa a teburin kicin.

Malam Habu Damagaram: Haka ne, ta fi su gata. Sai dai masu karatunsu ɗaya ne, marubutansu ma suna zirga-zirga a tsakani. To bar ta. Ɗauki jaridar Black Panther, ta jam'iyyar baƙaƙen fata mai wannan suna, wadda ta fara a Oakland a 1967, Emory Douglas ke tsara shafukanta. Manyan jaridu in za su nuna 'yan wannan jam'iyya, sai bindiga da baƙar hula. Jaridarsu kuwa tana nuna wannan, tana kuma nuna yara a teburi suna cin karin kumallon da jam'iyyar ta fara rabawa kyauta a Janairun 1969 a wata coci a Oakland. Stephen Shames, farar fata ne ɗalibi a Berkeley, ya samu shiga cikinsu har gidajensu, don sun yarda da shi. Hotunan da ya ɗauka na mata suna haɗa buhunan abinci, da yara a aji, baƙo ba zai samu ɗauka ba ko kyamararsa ta zinariya ce.

Barista Nura: Ina karantawa tun ɗazu. Malam Habu, yardar da kake yabawa ita ce kuma matsalar. Wanda aka buɗe wa ƙofar gida don an yarda da shi, akwai abin da zai gani ya sauke kyamara. Jam'iyyar ta yi rikicin cikin gida mai muni, har da zubar da jini bayan ɓarakar jagororinta Huey Newton da Eldridge Cleaver a 1971. Ba a irin waɗannan hotuna za ka ga wannan ba. Kuma hoton Newton da kowa ya sani, yana zaune a kujerar kaba da mashi a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya, shiryawa aka yi a ɗaki, Cleaver ne ya tsara yadda zai zauna. Talla ce, kamar yadda gwamnati take nata tallan.

Baba Mai Hoto: Barista, duk hoton ɗaki shiryawa ake yi, har na fasfo ɗinka. Ba wanda ya ce a fagen daga aka ɗauke shi. Kuma ka san 'yan sanda biyu na Oakland sun zo da dare a 1968 sun buɗe wa tagar ofishin jam'iyyar wuta, hoton yana manne a jikin gilashin. Su dai ba su raina shi ba.

Malam Habu Damagaram: Kuma sauke kyamara ba ciwon ɓangare ɗaya ba ne. Shi Haeberle da Zainab ta kawo, da bakinsa ya amsa bayan shekara arba'in cewa ya lalata hotunan da suka nuna sojoji suna cikin harbin mutane. Abin da duniya ta gani gawarwaki ne, ba ta ga fuskar mai harbi ba. Sannan ku tuna Fred Hampton, shugaban jam'iyyar Black Panther a jihar Illinois. Daren 4 ga Disamban 1969 'yan sanda suka kashe shi a gadonsa a Chicago, yana da shekara 21. Ofishin mai gabatar da ƙara ya ba jaridar Tribune hotunan ƙofa da aka zagaye wasu ɗigo a jikinta, wai ramukan harsashin da 'yan jam'iyyar suka harbo ne. Tribune ta buga. Ashe kawunan ƙusa ne.

Zainab: Na karanta wannan. Amma Sun-Times ce ta tona asirin ƙusoshin, ita ma babbar jarida ce. Kun ga maganata ta dawo.

Malam Habu Damagaram: Ta tona ne saboda 'yan sanda ba su rufe gidan ba, 'yan jam'iyyar kuma suka buɗe ƙofa, mutane suka yi ta layi suna shiga suna ganin katifar da bangon da idonsu, masu kyamara na kowane ɓangare suna ɗauka. Ban ce babbar jarida ba ta taɓa yin daidai ba. Cewa na yi ba ita kaɗai ta rage a fili ba, kuma ta san da haka.

Anti Ladi: Tunda an gama yabon maza, ni ma ga nawa. Zainab, ki buɗe shafukan baya na Berkeley Barb, ko da yake ki yi a'uzubillahi tukuna. Tallan gidajen banza ne da hotunan mata tsirara, kuma da kuɗinsu jaridar take rayuwa. Ba a baya kaɗai ba, har bangon gaba suna sa mace ba tufafi don jarida ta sayu, su kira shi 'yanci. Matan da ke ofis ɗin kuwa su ne masu buga tafireta da manna shafi da dafa shayi. Wannan kyamarar da aka ce ta tsaya tare da wanda ake zalunta, in ta juyo kan mace, ba ta da bambanci da ta kowa. Shi ya sa a Janairun 1970 mata suka ƙwace jaridar Rat ta New York daga hannun mazan, suka riƙa fitar da ita da kansu. A shekarar ne kuma aka fara off our backs a Washington. In za ki rubuta aikinki, kada ki tsallake wannan.

Kawu Ɗanladi: Anti ba ta yi ƙarya ba. Ko masu ɗab'i da yawa a can sun ƙi karɓar aikin, wasu don tsiraicin, wasu don siyasar, wasu don an ja musu kunne. Jarida sai ta ɗauki shafukanta a mota ta tafi wani gari mai nisa neman mai injin da zai yarda.

Ɗan Kakuri: Ni duk wannan labari Tempo yake tuna mini. Da sojojin Najeriya suka rufe mujallar TheNews a 1993, ma'aikatanta suka fito da Tempo, yau a buga a nan, gobe a can, edita ba ya kwana biyu a gida ɗaya. Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a nan Kaduna, a zamanin Abacha ya ɓace, bai dawo ba. Waɗancan na Amurka a bakin titi suke sayar da jaridarsu da rana tsaka, da adireshin ofis a jiki. Wace ƙarƙashin ƙasa?

Barista Nura: Haɗarin ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa, kuma ba wanda zai haɗa su. Amma su ma ba a bar su sun sha iska ba. An jefa wa ofishin jaridar Great Speckled Bird ta Atlanta bam ɗin wuta a 1972. Ana kama masu tallan jaridun a titi, ana shigar da editoci ƙara kan batsa ko tabar wiwi. A Landan an ɗaure John Hopkins, mai hoto kuma ɗaya daga waɗanda suka kafa jaridar International Times, a 1967 kan wiwi, editocin mujallar Oz uku kuma suka sha doguwar shari'a a 1971. Da wasu suka fasa ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania a Maris 1971 suka kwashe takardu, sai zargin da ake yi wa hukumar na yi wa 'yan bore zagon ƙasa ya zama abin da ake riƙewa a hannu. Amma abin da ya fi damuna a matsayin lauya shi ne wannan: hoton da ya nuna ɗan sanda yana duka, shi ne kuma yake nuna fuskar wanda ya jefi ɗan sanda. A Afrilun 1971 'yan sanda suka shiga ofishin Stanford Daily, jaridar ɗalibai, da takardar bincike, suna neman hotunan wata arangama don su gane fuskoki. Jaridar ta kai ƙara, aka je har Kotun Ƙoli, a 1978 kotu ta ba 'yan sanda gaskiya. Sai a 1980 majalisa ta yi dokar da ta taƙaita irin wannan bincike. Ke nan mai hoton da ke cikin taro yana iya zama shaidar gwamnati ba da saninsa ba.

Baba Mai Hoto: A ɗakin duhu akwai maganin wannan. Lokacin da haske ke sauka a takarda, sai ka bar shi ya daɗe a kan fuskar da kake son ɓoyewa, ka kare sauran da hannunka, fuskar ta ƙone ta zama baƙi. Amma nagatif yana nan da komai a jikinsa. In ana son a huta, sai dai almakashi ko ashana.

Barista Nura: Su ma jaridun sun mayar da martani da makamin. Suna buga hotunan 'yan sandan ciki da ke shiga taro da kayan gida. Los Angeles Free Press ta wuce nan, a 1969 ta buga sunaye da adireshin gidajen jami'an yaƙi da ƙwaya 80. Shari'o'in da suka biyo baya na cikin abin da ya raba Art Kunkin da jaridar da ya kafa. Ni a ganina wannan ya wuce gona da iri, gidan mutum akwai matarsa da 'ya'yansa.

Anti Ladi: Kuma yarinyar da ke durƙushe kusa da gawar ɗalibi a hoton Filo, Mary Ann Vecchio, shekararta 14, ta gudo ne daga gida. Shi ya karɓi kyauta, ita ta karɓi wasiƙun zagi da tsangwama na shekaru. Babba ko ƙaramar jarida, ba wanda ya tambaye ta.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, an goge saƙo biyu da suka koma rigimar jam'iyyun gida. A tsaya a kan hoto don Allah.

Zainab: To ni dai ga inda na tsaya zuwa yanzu. Har yanzu ina ganin hotunan da suka fi girgiza mutane ta manyan jaridu suka fito, ba wanda ya kawo abin da ya rushe wannan. Amma zan gina aikin a kan maganar Malam Habu ta wurin tsayuwa, in sa ta Anti da ta Barista a matsayin kuɗin da aka biya. Abu ɗaya ya rage mini. Hotuna da yawa babu sunan wanda ya ɗauka, sai dai LNS kawai a gefe, wasu ma babu komai. Ta yaya zan ambace su?

Malam Habu Damagaram: Ki rubuta sunan jarida da kwanan wata da shafi. Wasu da gangan suka ɓoye suna saboda abin da Barista ya faɗa, wasu kuma aƙida ce, wai hoto na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba.

Anti Ladi: Aƙidar da ta fi yi wa mai jarida daɗi. A 1969 ma'aikatan Barb suka yi yaji, don sun gano mai jaridar, Max Scherr, yana samun riba mai kauri su kuma ana ba su abin da bai taka kara ya karya ba. Suka fice suka kafa Berkeley Tribe.

Baba Mai Hoto: Wannan ciwo ba shi da ƙasa. An taɓa buga hotona a kalanda, aka sayar har kasuwannin ƙauye, ba suna ba sisi. Da na je magana aka ce ai albarka ce.

Kawu Ɗanladi: Baba, in dai wadda nake zato ce, sunanka yana jiki. Tawada ce ta cinye shi.

Baba Mai Hoto: Kuɗin ma tawadar ce ta cinye?